Dubu 740 da suka faɗo akawun ɗina, da yadda muka ƙare da banki

Duk wanda ya ce maka in kuɗin wani suka faɗo akawun ɗinka bisa kuskure ai abu ne mai sauƙi, ka maida kawai a wuce wurin, to bai taɓa shiga ciki ba ne. Maidawar ma kanta aiki ce, kuma akwai irin maidawar da za ka yi da zuciya ɗaya amma ta jefa ka cikin rigimar da ta kusa kamo ta wanda ya cinye kuɗin gaba ɗaya.

Ina da ɗan shagon fotokwafi da buga takardu a Samaru ta Zariya, ba nisa da babbar ƙofar jami'ar ABU, harkarmu ta ɗalibai ce, in suna nan mu ci in ba sa nan sai dai a hankali, wanda ya ga yadda muka yi a yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas cur ya san abin da nake nufi. To a daminar 2025 ne, wata Juma'a bayan la'asar ina tsaye ina haɗa ma wata yarinya furojet ɗinta sai na ji waya ta yi ƙara, ban ma duba da wuri ba don na ɗauka irin dubu ɗaya da ɗari biyar ɗin nan ne na kastoma, sai da ta tafi na ciro wayar, na ga naira dubu 740. Na sake ƙirga sifilin da yatsa. Sunan wanda ya turo wani shagon sayar da taki da maganin feshi ne, shi ma an yanke rabinsa kamar yadda saƙon banki ya saba yi, ni kuma ko gona ba ni da ita balle a ce na yi ciniki da masu taki.

Abin da na fara yi shi ne na rabu da saƙon tes na shiga manhajar banki kai tsaye, don mu masu shago tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 da kowa ya koma transfa mun sha ganin alat ɗin bogi, yaro zai nuna maka waya ya kwashi kaya ya tafi ka yi ta jiran kuɗin da ba za su taɓa zuwa ba. Wannan kam na gaske ne, ga su nan zaune a kan ɗan abin da nake da shi. Abin dariyar ma har an cire min naira 50 ɗin nan ta gwamnati da a lokacin ake cirewa a wajen mai karɓa in kuɗi sun kai dubu goma, ga naira shida ta saƙon alat, wato tun ban san mai kuɗin ba na fara yi masa hidima daga aljihuna. Na kalli agogo, banki an riga an tashi, sai Litinin.

Kusa da shagona akwai abokina mai POS, shi na fara nuna ma wa, ya riƙe wayar ya yi shiru can ya ce Sani tsuntsu daga sama gasasshe kenan, wallahi in ni ne yanzun nan zan watsa su, rabi zuwa wani walat rabi in cire a hannu, in sun zo nema a ce a biya kaɗan kaɗan, ai ba kai ka roƙe su ba. Ya ce ko ba ka ci ba ka juya su na wata biyu ka sayo takarda katon katon kafin ta ƙara tsada, in mai su ya fito ka ba shi abinsa ka riƙe riba. Ba zan ɓoye ba maganar juyawar nan ta shige ni, don lokacin injina ɗaya a kwance yake yana jiran gyara, ga kuɗin hayar shago ya matso. Mutumin kirki ne fa abokin nan nawa, ba ɓarawo ba ne, kawai dai irin tunanin da yawancinmu ke yi ne, in kuɗi suka biyo ta banki sai a ga kamar ba su da mai su, kamar na banki ne, bankin kuma ai kullum cikin yankar mu yake to yau Allah ya rama mana.

Da na koma gida Hayin Dogo na gaya ma uwargida, ba ta ma bari na kai ƙarshe ba ta ce Abban Hanif don Allah kar ka taɓa ko kwabo, wani na can yanzu hankalinsa a tashe ya kasa cin tuwo. Ta ce kai ma katinka ka ba ni in ajiye. Na ce haba sai ka ce yaro, ta ce ni dai ba ni. Na ba ta.

Ran Asabar da hantsi sai ga kira daga wata baƙuwar lamba. Muryar saurayi ce, yana magana numfashinsa na sarƙewa, ya ce yallaɓai don girman Allah kai ne Malam Sani mai fotokwafi, na ce ni ne, ya ce jiya an yi kuskure an turo maka kuɗi, ya faɗi adadin daidai, ya faɗi sunan shagon cikakke har da rabin da saƙo ya yanke. Sai ya ce taimakon da zan yi masa shi ne kar in maida su inda suka fito, zai turo min wata lambar akawun ta wani banki daban in tura can, don dama can aka yi niyyar turawa, kuma in cire dubu ashirin in sha ruwa. Na ce samari kai waye a shagon, ya ce yaron Alhaji ne. Na ce to ba ni Alhajin mu yi magana, nan ya fara kame kame, Alhaji ya yi tafiya, Alhaji ba ya ɗaukar baƙuwar lamba, ka rufa min asiri kamar yadda Allah ya rufa maka. Wallahi ya ba ni tausayi, amma wannan ƙin haɗa ni da mai shagon shi ya tsaya min a rai. Na ce masa ya yi haƙuri zan neme shi.

Yayana ma'aikacin sashen kuɗi ne a Kaduna, ya daɗe yana hulɗa da bankuna, shi na kira. Yana jin na ce an ba ni wata lamba daban ya ce kul, ko da wasa. Ya ce Sani bari in gaya maka yadda ake yi, ɓarayi su kwashe kuɗi daga akawun ɗin wani, ba za su tura ma kansu kai tsaye ba don sun san za a bi sawu, sai su jefa a akawun ɗin bawan Allah irinka, su kira ka da kuka su ce kuskure ne ka tura nan, kai kuma ka tura da hannunka da lambar sirrinka, ranar da mai kuɗi ya kai ƙara sunanka ne na farko a takarda, kuma kai ka fitar da su, me za ka ce ma ɗan sanda. Akwai kuma masu bashin waya ɗin nan da ke jefa maka kuɗin da ba ka nema ba bayan kwana kaɗan su fara kiran duk mutanen da ke cikin wayarka suna cewa kai macuci ne. Ya ce ƙa'ida ɗaya ce, kuɗi ta ƙofar da suka shigo ta nan za su fita, kuma banki ne zai fitar da su ba kai ba.

Na kawo masa maganar abokina ta watsa su a wasu wuraren, ya yi dariya ya ce wannan dabarar kafin 2014 ce. Tunda aka kawo BVN lamba goma sha ɗayan nan ta ɗaure duk wani akawun da kake da shi a ƙasar nan wuri ɗaya, har da na waya ɗin da ake buɗewa a zaune a gida, kuma duk transfa ta nan take tsakanin bankuna akwai lambarta da ke nuna daga ina ta taso ina ta sauka da ƙarfe nawa, ka tura su gida goma a bi su gida goma a rufe, a jawo ma mai POS ɗin da ya ba ka tsaba shi ma, in abin ya yi tsami a sa BVN ɗinka cikin jerin waɗanda ake sa ma ido. Ya ce kuma a dokar Penal Code da muke amfani da ita a Arewa ka san abu ba naka ba ne ka maida shi naka laifi ne mai zaman kansa ko da ba kai ka je ka ɗauko ba, EFCC ta sha gurfanar da mutane a kan irin wannan, ofishinsu kuwa ga shi nan Kaduna ba nisa. Abin da ya fi jan hankalina a maganarsa shi ne da ya ce yin shiru ma ba mafita ba ne, ko ba ka taɓa kuɗin ba, in aka zo aka tarar sun yi wata guda a wajenka ba ka ce uffan ba, ba wanda zai yarda mantawa ka yi, za a ce jira kake ƙura ta lafa.

Bayan magariba na tsaya wajen limamin masallacinmu, dattijo ne da ya yi karatunsa a zaurukan cikin birni. Na ce Allah gafarta Malam wannan hukuncin tsintuwa ne ko yaya, don na san a fiƙihu an ce wanda ya yi tsintuwa ya yi cigiya shekara guda. Ya ce cigiya ai ana yin ta ne in ba a san mai abu ba, kai kuwa naka ya zo da sunan mai shi a rubuce a goshinsa, wannan amana ce ta faɗo hannunka ba ka nema ba, juya ta ba da izininsa ba bai halatta ba ko da niyyarka ka biya, kuma in ka miƙa ta ga wanda ba ka tabbatar shi ne mai ita ba ta salwanta, to kai za ka biya. Na ga ikon Allah, maganar Malam da ta Yaya sun zo wuri ɗaya alhali ko sanin juna ba su yi ba.

A daren na kira lambar kula da kastoma da ke bayan katin ATM, na sha kiɗa har katin wayata ya kusa ƙarewa kafin wata ta ɗauka, na yi mata bayani ta ce ta rubuta, na ce ta ba ni lambar ƙorafin, ta karanto na rubuta a bayan wani rasit. Na kuma tura musu imel da hoton shigowar kuɗin, don dai ya zama akwai abin da ke nuna kwanan wata da lokacin da na fara magana. Yaron nan kuwa bai fasa kira ba har Lahadi da dare, ƙarshe na rubuta masa a tes cewa na sanar da banki, kuɗinsu na nan ba abin da zai taɓa su, mai shagon ya je bankinsa ya shigar da buƙata a maido masa. Bai ba ni amsa ba.

Litinin da sassafe na hau ɗan sahu zuwa Kwangila na sake wani zuwa PZ inda reshen da na buɗe akawun yake. Wanda ya san PZ ran Litinin ya san sauran, layi tun daga waje ƙarƙashin rumfa, mai gadi na raba lamba, ƙofar nan mai magana tana ta koro mutane saboda makulli da waya. Da na samu shiga na zauna a bencin masu jiran teburin kastoma, yawancin waɗanda ke wurin kuka ɗaya suke, an cire kuɗi a POS bai fito ba, transfa ta maƙale, kati ya toshe. Wani dattijo da ke gefena ya tambaye ni nawa suka cinye maka, na ce a'a Baba ni ƙaro min aka yi na zo a cire, ya juyo gaba ɗaya ya dube ni tun daga hula har takalmi bai ce komai ba, can ya ce Allah ya yi maka albarka, amma yadda ya faɗe ta kamar yana yi min jaje.

Wadda ta saurare ni wata matashiya ce mai fara'a, ta buɗe akawun ɗin a kwamfuta ta ga kuɗin, ta ce in rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshe. Dama Yaya ya gaya min, don haka na zo da ita a buge daga shago kwafi biyu, sana'ata ce ai. Abin da ke ciki ba yawa, sunana da lambar akawun mai lamba goma da lambar waya, ranar da kuɗin suka shigo da lokacin, adadinsu, sunan wanda ya turo da bankinsa, sai doguwar lambar nan mai lamba talatin da suke kira seshon ID wadda ke jikin rasit ɗin transfa a manhaja, da ita suke gano takamaiman wace transfa ake magana. Na rubuta ƙarara cewa ban san mai turowar ba, ba na bin sa bashi, ban taɓa kuɗin ba, kuma na yarda a maida su akawun ɗin da suka fito shi kaɗai. Na ƙara da cewa wani ya kira ni ya nemi in tura wani wuri, ga lambar wayarsa ga lambar akawun ɗin da ya bayar. Na haɗa da kwafin takardar NIN.

Ta karɓa za ta jefa a tire na ce Hajiya don Allah a buga min hatimi a kwafina. Ta ce ba sai an yi ba ai ta karɓa, na ce na sani, a dai taimaka. Ta ɗan ɓata rai ta jawo hatimin daga durowa, tawadar ma ta bushe sai da ta huhhura shi ta danna da hannu biyu, kwanan watan ya fito dishi dishi, na ce ta rubuta shi da biro a gefe ta sa hannu, ta rubuta. A duk abin da na yi a wannan lamarin ba abin da ya kai wannan ɗan shuɗin tambarin amfani.

Na ɗauka a take za su danna wani abu kuɗin su koma, ta ce ba haka ake yi ba. Su ba za su iya ɗaukar kuɗi su tura wani banki don kawai na ce ba nawa ba ne, sai bankin wanda ya turo ya aiko musu da buƙata a hukumance, sannan su haɗa da amincewata su maida. Wannan ya yi daidai da abin da Yaya ya ce yana cikin ƙa'idar da babban bankin ƙasa CBN ya fitar a 2018 kan transfa ta nan take, mai kuskure ya kai kuka bankinsa, bankinsa ya sanar da bankin wanda kuɗin suka faɗa ma wa, a ɗaure daidai adadin kuɗin a nemi yardarsa, in ya ƙi ne magana ke tsawo har ta kai ga neman odar kotu. Ɗaurin nan shi suke ce ma liyen, kana ganin kuɗin a balans amma ba za su ciru ba, kamar buhun masarar da maƙwabci ya ba ka ajiya a ɗakinka. Na ce to ni a sa liyen ɗin tun yanzu a kan dubu 740 ɗin in huta, ta ce za ta tura ma na sama da ita.

Na koma shago ina ganin an gama. Ana cikin satin na je Sabon Gari sayen takarda da tona, an gama lodi a ɗan sahu na zo biya transfa ta ƙi, na sake ta ƙi, na ba da kati a POS ya ƙi, ba maganar netwok ba ce don na gaban nawa ya biya lafiya. Dole aka sauke kayan ina tsaye, mai shagon da muka shekara muna ciniki yana cewa ba komai Malam Sani ka tafi da su ka kawo daga baya, ni kuma kunya ta hana. Daga nan ban zame ko'ina ba sai banki. Ashe buƙatar ta iso daga ɗaya bankin, amma ba a matsayin kuskure ta zo ba, mai kuɗin ya shigar da ita ne a matsayin zamba, cewa an shiga akawun ɗinsa an tura kuɗi ga wani da bai sani ba, su kuma da sun ga kalmar zamba ba sa tsayawa tambaya, sai suka sa ma akawun ɗin gaba ɗaya abin da suke kira PND, wato kuɗi na iya shiga amma ko naira ɗaya ba ta fita. Nawa na halak da na Alhaji duk an haɗa an kulle, kuma ba wanda ya kira ni ya gaya min, sai a gaban mutane a kasuwa na ji.

Raina ya ɓaci sosai ranar, na ce a kai ni wajen manaja, aka ce yana mitin, aka haɗa ni da shugaban sashen ayyuka na reshen. Ya fara yi min magana a tsaitsaye irin yadda ake yi ma wanda ake zargi, wai daga hedikwata abin ya zo ba hannunsu, in jira bincike. Ban yi musu da shi ba na ciro takardar nan mai hatimi na ajiye masa a tebur, na nuna masa imel ɗin daren Asabar da lambar ƙorafin da ke bayan rasit. Ya duba kwanan watan ya duba na buƙatar da ta zo musu, nawa ya riga nasu. Nan take murya ta canza, ya ce Malam zauna mana, a kawo maka ruwa. Ashe wasiƙar tawa tana nan a tiren da aka jefa ta ba ta ma hau sama ba. Ya sa aka nemo ta aka yi sikanin aka tura hedikwata tare da bayaninsa, ya ba ni wani fom na amincewa a cire kuɗin, na karanta shi layi layi kafin in sa hannu, na tabbatar adadin daidai ne kuma sunan akawun ɗin da za a maida ma wa shi ne wanda ya turo, na dangwala yatsa, wannan ma na ce a ba ni kwafi.

Sai jira kuma. Kastomomi na turo kuɗin aiki cikin akawun ɗin da ba na iya cirewa, sai da na manna takarda a ƙofar shago da lambar uwargida, ita kuma ta samu abin tsokana wai yanzu ita ce Hajiyar shago sai ta ga dama za ta ba ni na cefane. Abokina mai POS kullum sai ya leƙo ya ce ka gani ko, da ka ci da ba ka ci ba duk rufewa aka yi, gara ma wanda ya ci. Na ce masa bambancin ni na san ranar buɗewa na zuwa kuma ba mai zuwa shago da ankwa. Da na ga abin na neman jan ƙafa na sake rubuta musu cewa in sati biyu suka cika daga ranar da na kai ƙorafi ba a warware ba zan kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, don tsarin kenan, sai ka fara ba bankinka wannan wa'adin kafin su saurare ka a can, kuma za su nemi shaidar cewa ka kai ƙorafin. Ba a kai ga haka ba, kafin wa'adin ya cika na ga alat na fitar dubu 740 cif, washegari aka sake min akawun.

Bayan nan ne Alhajin da kansa ya kira ni, ya ce yana so mu gana, na same shi a shagonsa can wajen Tudun Wada. Dattijo ne mai sanyin magana, ya miƙe ya ba ni hannu biyu yana ta ba ni haƙuri. A nan na ji yadda aka yi. 'Yarsa ɗaliba ce a ABU, ta taɓa buga aiki a shagona aka biya ni daga akawun ɗin shagonsu, sunana ya zauna a jerin waɗanda aka taɓa tura ma wa, dilan da suke sarin taki a wajensa kuma shi ma Sani ne. Yaron shagon an ce ya tura ma dila kuɗi, yana sauri ga masu saye sun cika shago lokacin zuba taki, ya ga Sani ya danna bai karanta sauran ba. Da ya gane abin da ya yi tsoro ya hana shi faɗa, ya karɓi lambata a wajen yarinyar da wata dabara, yana so in tura ma dilan kai tsaye a rufe maganar Alhaji bai sani ba. Shi kuma Alhaji da dila ya ce bai ga kuɗi ba ya duba ya ga baƙon suna, yaro ya rantse bai san komai ba, to me zai ɗauka in ba an yi masa kutse ba. Har ya ga lauya an fara maganar zuwa kotun majistare neman oda, sai bankinsa suka ce masa ai mutumin ya riga ya kawo kansa.

Wato yaron ba ɗan damfara ba ne, lambar da ya ba ni ma ta dilan ce ta gaskiya, kuma wannan ne abin da nake so mutane su gane. Da na tausaya masa na tura ran Asabar, ran Litinin Alhaji zai shigar da ƙarar zamba duk da haka tunda bai san komai ba, a zo a tarar kuɗin sun shigo wajena sun fita cikin kwana ɗaya zuwa wani banki da dubu ashirin a ragi, yaron da ya rantse ma maigidansa kuwa ba lallai ya fito ya wanke ni ba. Ka ga a takarda ba abin da ya raba ni da ɓarawo. Don haka masu tambaya wai a kai ƙorafi ko a yi shiru a ga abin da zai faru, ni dai a wajena ba ma tambaya ba ce, ka kai, a rubuce, da wuri, ka riƙe shaida, ba don banki za su gode maka ba, ba za su gode ba, ni ko naira 56 ɗina ba su maido ba.

Da zan tafi Alhaji ya ce in ba shi lambar akawun ya sa min wani abu, na ce ranka ya daɗe ai kuna da ita, ita ta jawo duk wannan, ya yi dariya har da tari ya sa hannu a aljihu ya ba ni a hannu, na karɓa don Malam ya ce in ba kai ka sharɗanta ba ba laifi, da shi na gyara injin da ke kwance. Na roƙe shi kar ya kori yaron, ya ce ɗan ƙanwarsa ne ina zai kai shi, amma ya karɓe wayar shagon daga hannunsa, yanzu duk transfa shi yake yi da kansa da tabarau a hanci, yaron kuma an maida shi wajen ɗora buhu.